Fijo 504: Motar da Malam ya bari

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, babu abin da ya ci lokaci kamar motarsa. Gidan Gyaɗi-Gyaɗi an yi masa kuɗi cikin rabin sa'a, domin dillalan unguwa sun san farashin kowane taku na ƙasa tsakanin Titin Zariya da Titin Kotu. Gonar ƙauye ma ba ta ba da wahala ba. Littattafansa kuwa magada suka yafe, aka ce a kai su makarantar da ya daɗe yana koyarwa. Amma da malamin da ke rabon ya ɗaga kai ya ce, "Saura mota," sai falon ya yi tsit, can kuma wani ƙanena ya kasa riƙe dariyarsa.

Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, mai launin ruwan madara, wadda Malam ya saya sabuwa fil a 1978 da bashin mota na ma'aikata. A lokacin rabon ta shekara shida a ƙarƙashin rumfar kwano ba ta motsa ba. Tayoyinta sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Da yake ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba, sai aka kira mutum biyu. Dillalin motoci ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce shi ba shi da mai saye, kuma ba ya son ya yi ƙarya a sha'anin gado. Ɗan gwangwan kuwa ko ƙofa bai buɗe ba. Ya ƙwanƙwasa bonet da yatsa, ya ce ƙarfen da ne mai nauyi, ya faɗi kuɗinsa. A kan farashin nan nasa, da ɗan ƙari kaɗan, na ce a sa ta cikin rabona.

Yayanmu ya dube ni ya ce, "Kai dai ka ɗauko wa kanka amarya, kuma irin wadda ba ta yafe cefane." Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe yana tuna mini.

Yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar da motocin Japan da Koriya ba za su gane matsayin da Fijo ta taɓa riƙewa a ƙasar nan ba. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Fijo, a shekarar kuma wata 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyi irin namu, masu ƙura da taɓo da ramuka. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da ita motar manyan jami'anta. Kwamishina yana cikinta, alƙali yana cikinta, shugaban makaranta yana cikinta, doguwarta kuma tana lodi a tashar Unguwa Uku zuwa Zariya da Kaduna da Jos. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai tsakiyar shekarun 2000. Rasiɗin da Malam ya sayi tasa yana hannuna. Kuɗin da ke rubuce a jikinsa, yau ba zai cika rubu'in tankinta ba.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Na sa aka ja ta zuwa wani gareji na matasa masu zafin nama, na ce ina son in ji kukanta kafin wata ya mutu. Cikin mako biyu kuwa ta tashi. Na yi murna, na ba da tukwici. Sai daga baya na lura da abin da tashin nan ya ci. Sun cire kafiretarta ta asali, ƙirar Solex, sun ɗaura wata sabuwa mai ƙyalli wadda babu sunan kowa a jikinta. Sun cire fitilun gaba na gilashi, masu siffar nan da ake gane 504 da ita tun daga nesa, wai sun dushe, sun sa na roba. Ɗan zakin da ke hancinta ma ya yi ɓatan dabo. Da na tambayi inda tsofaffin suke, babbansu ya ce, "Alhaji, ai sun mutu. Yara sun kai gwangwan." Ban ga laifinsu sosai ba, domin abin da na nema suka ba ni, kuma haka aka koya musu gyara: a cire, a yar, a sa wani.

Hajiyarmu ce ta tuna mini da tsohon bakaniken Malam, wanda yake da rumfa a wani lungu a bayan kasuwar Tarauni. A Kaduna ya koyi aiki, kuma shi yake duba motar tun ina firamare. Na same shi ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yaransa duk sun koma gyaran A Daidaita Sahu. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana shafa injin da hannu kamar mai duba mara lafiya, sannan ya ce, "Ɗan Malam, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Kafiretar da mahaifinka ya yi shekara talatin da ita ba mutuwa ta yi ba, datti ne ya toshe ta. Wanki take so da sabon gasket. Ko da ta mutun ma, ai sai ka sa ta a kwali ka ajiye."

Na ce, "Baba, ajiyar mataccen ƙarfe ta mece ce?"

Ya ce, "Wata rana za ka nema."

Wannan magana ce ta sa na fara karanta yadda wasu al'ummu suke riƙon tsofaffin motocinsu, na kuwa tsinci kaina a Amurka. Suna da wani jinsin motoci da suke kira masu ƙwanji, waɗanda aka yi yayinsu daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970: Pontiac GTO, Dodge Charger, Chevrolet Chevelle, da manyan samfuran Ford Mustang. Dabarar ita ce a ɗauki ƙaton injin mai silinda takwas a cusa shi a jikin mota matsakaiciya, a sayar wa matashi da araha. Shan mai suke kamar raƙumi ya samu rijiya. Tsadar inshora da dokokin hayaƙi suka fara karya su, tashin farashin mai na 1973 ya ƙarasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tashin farashin nan da ya kashe musu kasuwa shi ne ya cika baitulmalin Najeriya, aka yi ƙarin albashin Udoji, malamin makaranta irin mahaifina ya iya tunanin sabuwar mota.

Fijo ba mai ƙwanji ba ce. Silinda huɗu gare ta, kuma ba don tsere a kan kwalta aka yi ta ba, don juriya aka yi ta. Amma ƙa'idar da masu tara waɗancan motoci suke bi ta shafe ni. Abin da suka fi dubawa shi ne ko injin da ke cikin mota shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, suna gwada lambar da aka buga a jikinsa da lambar motar da takardunta. Mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka sauya wa injin takan faɗi ƙasa da 'yar uwarta nesa ba kusa ba, ko da sabon injin ya fi lafiya. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne koriyar Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Wani magidanci ya saye ta a 1974, matarsa malamar makaranta tana zuwa aiki da ita. McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa a 1977 yana neman a sayar masa, aka ƙi. Ta yi shekaru a kulle a gareji. Da iyalan suka fito da ita, sun gyara abin da zai sa ta tashi ta yi tafiya, amma ba su taɓa fentinta da ya koɗe ba, ba su goge tabonta ba. A Janairun 2020 aka yi gwanjonta a Florida a kan Dala miliyan 3.74.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Kabarinsa yana nan Hausawa, tafiyar 'yan mintoci daga gidanmu. Da wani mai son gyara ya toshe ramukan nan ya fesa fenti, da ya mayar da ita tsohuwar Marsandi kawai, irin wadda ɗan gwangwan zai ƙwanƙwasa da yatsa. Mu Kanawa muna da wannan ɗabi'a ta ɗaukar sabuntawa a matsayin girmamawa. Haka muka yi wa wasu ƙofofin ganuwa, Ƙofar Na'isa na cikinsu: aka rushe ginin ƙasa na kakanni, aka tayar da na siminti, aka maƙala masa tsohon suna.

Jarrabawa ta gaske ta zo ne a kan injin. Bayan wata shida ina ɗan zagayawa da ita, sai ta fara hayaƙi mai shuɗi, tana shan baƙin mai, ƙarfinta ya ragu har hawan gada yana yi mata wuya. Wannan ya zo daidai da cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023, lokacin da kowane mai mota a Kano ya koma lissafi. Duk wanda na yi shawara da shi amsa ɗaya yake ba ni: a cire injin, a ɗaura na Japan ɗan Beljiyam, mai ƙarancin shan mai, wanda kayansa suke ko'ina, har na'urar sanyi a haɗa. Wasu suka ce in ƙara da tukunyar gas a but. Ba zan ce hujjarsu ba ta da ƙarfi ba. Kuɗin aikin bai kai na gyaran tsohon ba, kuma kwana uku ya isa. Direban da Fijo ce gonarsa, da ita yake ciyar da iyali, idan ya yi haka ban ga abin zargi ba, ni ma da haka zan yi. Sai dai tawa ba gona ba ce. Ina da wata ƙaramar mota da nake zuwa aiki da ita. Idan na cire injin da Malam ya kunna da hannunsa a 1978, me na ajiye ke nan? Kwano da kujeru.

Tsohon nan ne ya nuna mini cewa masu ƙirar sun riga sun yi tanadin wannan rana. Silindar injin 504 ba a jikin bulok aka huda su ba. Bututu huɗu ne na ƙarfe da ake zurawa a ciki, ruwan sanyaya injin yana zagaye su. Idan sun cinye sai a zare su, a zura sababbi da fistin da zobbansu, a sa sabon gasket, bulok ɗin yana nan da lambarsa ba a taɓa ba. Wato ana iya sabunta cikinsa ba tare da an sauya shi ba. Wahalar ita ce samun kayan kirki. Wata huɗu na yi ina sintiri tsakanin Ƙofar Ruwa da Fanteka ta Kaduna. Kwali mai hoton zaki ba shi da wuyar samu, abin da ke cikinsa ne abin tambaya. Tsohon yakan ɗauki fistin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya mayar wa mai shago ba tare da ya ce uffan ba, mu wuce gaba. A wannan yawo ne muka samu kafireta Solex da fitilun gilashi a jikin wata 504 da ta yi haɗari. Na biya ninkin abin da yaran can suka karɓa a gwangwan sau ban san adadi ba, kuma duk da haka ba nata ba ne, na 'yar uwarta ne.

Na rubuta hakan a littafin. Malam yana da wani littafin rubutu na 'yan makaranta da yake ajiyewa a aljihun gaban mota, inda yake rubuta ranar da ya juye baƙin mai, da kilomitar da ta ci, da abin da aka sauya, da kuɗin da ya biya. Littafi uku ya cika. Na ɗora daga inda ya tsaya, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan ɓoye komai ba, har da ɓarnar da na yi da kaina. Masu sayen tsofaffin motoci a ƙasashen waje suna daraja irin wannan rubutu ƙwarai, domin shi ne shaidar da ke raba abin da aka gada da abin da aka ƙirƙira. Ni kuwa ko ba don mai saye ba, ina jin nauyin in rubuta ƙarya a ƙarƙashin rubutun hannunsa.

Kada mai karatu ya ɗauka komai tsoho nake riƙewa. Akwai abubuwan da ban yi musu kara ba ko kaɗan: tayoyi, da tiyon birki, da man birki, da tiyon fetur, da fambel, da duk wata wayar da ɓera ya ɗanɗana. Roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko ba a yi, man birki kuma yana jan danshi har ya daina kamawa yadda ya kamata. Wanda ya gangaro gadar Ɗangi da tiyon birki na 1978 don kishin asali, ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba, har da mai A Daidaita Sahun da ke gabansa da fasinjojinsa. Abin da na koya shi ne in sauya irin waɗannan da masu girma da siffa iri ɗaya, kada a huda sabon rami, kada a yanke waya, kada a yi walda inda kusa za ta yi. Duk abin da aka cire kuma yana cikin kwali a ɗakin ajiya, da takarda a jikinsa.

Sauran aikin yaƙi ne da yanayin Kano. Rana tana fasa dashbod tana cin kujeru, don haka ba ta kwana a fili, ba ta wuni a fili. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma goge ta da busasshen tsumma daidai yake da goga wa fenti yashi, sai an fara zuba ruwa. Da damina kuwa, wanda ya san yadda ruwa yake kwanciya a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ya san inda tsatsa take samun ƙofa, ta ƙarƙashi take farawa, a ƙasan tabarmar ƙafa inda ido ba ya kaiwa. Saman injin na alminiyam ne, ruwan rijiya tsura yana cinye shi a hankali, saboda haka ruwan lagireto na kanti nake sawa. Tamostat ɗin da kanikawanmu suke gaggawar cirewa wai don ƙasarmu da zafi, na sa an mayar. Mafi muhimmanci kuma, ba na barin ta zaune. Shekara shidan da ta yi a rumfa sun fi yi mata illa a kan shekara talatin da ta yi a hanya. Duk Juma'a bayan La'asar nakan fita da ita ta Titin Gidan Zoo, in zaga in dawo, har injin ya yi zafi sosai.

To, darajar fa? A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Babu kasuwar tsofaffin motoci a Kano irin ta Amurka, babu gidan gwanjo, babu mai tantance lamba. Abin da na kashe ya ninka abin da kowa zai ba ni yau. An ruwaito cewa a 2011 an yi gwanjon 504 ta 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, a kan Dala miliyan 2.5, amma sunan mai ita aka saya, kuma Malam shugaban makarantar firamare ne. Tayin da na fi samu daga 'yan fim ne, masu neman motar da za ta nuna zamanin da. Ɗaya ya ce zai ba da kuɗi mai kauri idan na yarda a fesa mata baƙin fenti na mako biyu, ta fito a motar gwamna. Na ba shi haƙuri. Abin da na sani kawai shi ne, kullum ana yanka irinta ana aunawa a sikeli, waɗanda suka rage kuma yawancinsu an sauya musu injin da fenti da kujeru. Mai lambar asali da takardun asali tana ƙara wuya kowace shekara.

Wannan tunani ne ya hana ni barci wani dare. Idan wata rana ta yi kuɗi, ni da na karɓe ta a farashin gwangwan, ban ci haƙƙin 'yan uwana ba? Na tambayi malamin da ya yi rabon, ya ce babu komai a kaina, tunda da yardar kowa aka yi, a kan ƙimar ranar. Duk da haka na rubuta takarda, na sa hannu a gaban shaidu biyu, cewa idan aka taɓa sayar da ita, a cire abin da na kashe, ragowar a raba wa magadan Malam yadda shari'a ta tsara. Yaya ya karanta, ya yi dariya, ya ce yana fatan rabonsa zai isa kuɗin cefane.

Abu ɗaya ya rage da na daɗe ina shawara a kansa. Akwai wata lotsawa a ƙofar baya ta hagu, kamar faɗin tafin hannu, wadda na tashi na gani tun ina yaro. Malam ya ce mana mai amalanke ne ya goge shi a kasuwa. Mai bugun jikin mota ya ce aikin sa'a biyu ne, zai fitar da ita ta ciki, sai dai dole a taɓa fentin ƙofar. Har na sa masa rana.

Juma'ar da ta gabaci ranar, Hajiya ta ce in kai ta gaisuwa Tarauni, kuma a motar Malam take so. Da na buɗe mata ƙofa sai ta tsaya, ta sa hannu a kan lotsawar. Na ce, "Hajiya, jibi za a gyara wurin nan da mai amalanke ya ɓata."

Ta ce, "Wane mai amalanke? Ni ce. Yana koya mini tuƙi a filin makarantarsu da daddare, don kada mutane su gani su yi surutu, na haɗa ta da ƙofar shiga. Na yi ta kuka. Ya ce in yi shiru, babu wanda zai ji." Ta gyara mayafinta ta shiga ta zauna. "Sau uku bakaniken nan yana cewa a kawo ya buga, yana hana shi."

Muna hawa Titin Zariya ta ce in rage gudu, Malam ba ya wuce sittin da ita a cikin gari. Da muka dawo na kira mai bugun jiki na ce ya bar aikin. Na ɗauko littafin zan rubuta, sai ta leƙo daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Kada ka sa sunana. Ka bar shi a mai amalanke."